Ranar da Aka Wanke Farantin Malam Haladu

Makon da ya wuce wani ma'aikacin sakatariya ya aiko mota ta ɗauke ni zuwa gidansa a unguwar Takur, wai in duba masa wani farantin suya da ya sayo daga Kano. Na tarar da abin a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, yana tsaye a kan ƙafafu masu taya, ga tukunyar gas a gindinsa, ga makunnai uku a gaba kamar na rediyo. 'Ya'yansa samari biyu suna tsaye, kowa da waya a hannu. Babban ya ce, "Baba, mun kalli yadda ake yi a bidiyo, ba wani wuya. Amma ƙwai kamawa yake yi. Ko ƙarfen ne jabu?"

Na shafa ƙarfen da tafin hannu. Fari tas, sai ƙamshin sabulu. Na ce, "Wanke shi kuke yi?" Ya ce, "Kullum, Baba. Mu ba ma wasa da tsafta." Sai na nemi kujera, don na san maganar ba ta tsaye ba ce. Ƙaramin ya ce in taimaka in taƙaita, minti biyar ya isa, suna da wurin zuwa. Shekara talatin da ɗoriya na yi a bakin faranti, yaron nan yana so in ƙulle masa su a leda ya tafi da su. Na gaya musu abin da minti biyar zai iya ɗauka, suka yi godiya suka hau babur. Sauran da ba su tsaya ji ba shi ne wannan.

Sunana Idi, amma a Dutse sai ka ce Baba Idi mai faranti kafin a gane wanda kake nufi. Daga wani ƙauye nake a bayan Kiyawa. Wani rani na shigo neman abin yi, ina da shekara ashirin ko kusa, na faɗa hannun Malam Haladu, mutumin Ringim, wanda yake suya a bakin tasha. Ba a kan ragar waya yake gashi ba kamar masu tsire. Shi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe yake komai: nama, hanta, ƙwai, gurasa, albasa. Ƙarfen nan tsawonsa ya kai rabin ƙyauren ɗaki, kaurinsa kamar ɗan ƙaramin yatsa, sai mutum biyu suke ɗaga shi. Ya ce jikin wani tsohon tankin ruwa ne da ya saya a wurin 'yan gwangwan tun yana saurayi, ya kai aka yanko masa aka naɗe bakinsa.

Aikina na farko a wurinsa ko nama ban taɓa ba. Ya ba ni ludayin ruwa ya ce in zuba a tsakiyar faranti tun ba a hura wuta ba. Na zuba, ruwan ya gangara kusurwar hagu. Ya ce, "To, inda ruwa ya bi, nan mai zai bi. Gyara." Na dinga cusa tsakuwa a ƙarƙashin murhun ina sake zubawa, har sai da ruwan ya tsaya a tsakiya ya rasa inda zai nufa. Kullum da safe haka, wata guda cur, domin ƙasar tasha ba ta kwana yadda aka bar ta. Samarin Takur sun ajiye nasu a kan simintin da aka karkatar saboda ruwan sama, mai yana taruwa a gefe guda, ɗaya gefen yana ƙonewa a bushe, kuma suna zargin maƙerin.

Bayan haka sai wuta. Mutane suna ganin faranti ɗaya ne, don haka zafi ɗaya ne. Wanda ya yi haka zai ci gawayi a waje, ɗanye a ciki. Malam Haladu wuta uku yake hurawa a ƙarƙashin ƙarfe ɗaya. A hagu ya tara gawayi da yawa, nan nama yake fara sauka ya kama jiki. A tsakiya ya baza kaɗan, nan yake nuna a hankali, nan kuma ake ƙwai. A dama ba garwashi ko ɗaya, zafin da ya biyo ƙarfe ne kawai, nan ake ajiye abin da ya nuna da gurasar da ake so ta yi ɗumi. Mai gas ma haka ya kamata ya yi: makunni ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya a kashe. Amma wanda ya sayi abu mai makunnai uku ba ya jin daɗi sai ya murɗa su duka.

Sanin zafi kuma ba da ido ake yi ba. Tsoma yatsu za ka yi a ruwa ka yarfa. In ɗigon ya zauna yana tsuwa, da saura. In ya dunƙule yana gudu a kan ƙarfen, nama zai iya sauka. In ya ɓace kafin ka ƙifta ido, ka wuce wuri, janye garwashi ka jira. Jiran nan shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne abin da bidiyo yake yankewa.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙa biyu, tsumma mai kauri, gwangwanin kitse, da makankari, wato guntun ƙarfe mai faɗin baki da ake juya abinci da shi a kuma kankare faranti. Nawa har yau yana nan, bakinsa ya cinye ya koma rabin yadda yake.

Amma babban abin shi ne baƙin. Farantin Malam Haladu baƙi ne wuluk, yana sheƙi, in ka shafa shi a sanyi sai ka ji santsi kamar bayan tulun da ya sha hannu. Wanda bai sani ba zai ce dauɗa ce. Mai ne da kitse da suka ƙone a kan ƙarfen kaɗan-kaɗan, yau a kan jiya, har suka zama fata. Ita ce take hana abinci kamawa, ita ce take hana tsatsa. Yadda ake yin ta, a gasa ƙarfen, a ɗiga mai, a goge da tsumma kamar ana so a cire shi gaba ɗaya, a bari ya yi hayaƙi har hayaƙin ya tsaya, a sake. Siriri-siriri. In an tashi aiki kuma, tun da zafinsa za a kankare, a yayyafa ruwan ɗumi kaɗan a goge, a bari ya bushe a kan wuta, a shafa mai a rufe. Ba a kwara wa faranti mai zafi ruwan sanyi, in siriri ne nan take zai bankare, ba kuma zai sake kwanciya daidai ba.

Ranar da Malam Haladu ya bar mini farantin, ƙafafunsa sun kumbura zai koma Ringim wurin 'ya'yansa, abu biyu ya ce. "Idi, kada sabulu ya taɓa shi, kada ruwa ya kwana a kansa." Sannan ya ƙwanƙwasa ƙarfen da makankari ya ce, "Ni kaɗai na san fuskarsa ta asali. A ƙarƙashin baƙin nan duk zanzana ne. Tsatsar tanki ta ci shi rami-rami. Shekara goma na yi kafin ramukan su cike. In ka bari aka buɗe su, kai da su." Na ce to, ina ganin maganar tsofaffi ce.

Na ci zamanina, ba zan ɓoye ba. Lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha aka kwararo ma'aikata, yawancinsu sun bar iyali a Kano, kafin takwas na safe sai ka ga layi ana jiran ƙwai da gurasa. Direbobi suna son nama da yaji har sai sun yi gumi. Ranar kasuwar Shuwarin kuma can nake kai farantin, a nan na san Fulani dillalan shanu. Su ba a yi musu dabara a nama. Mutum zai zo da hantarsa a ganye da man shanunsa a 'yar kwalba, ya tsaya a kanka yana kallo, in ka bar ta ta wuce minti ɗaya zai ce ka mayar masa da ita takalmi.

A cikinsu akwai Alhaji Buba, mutumin wajen Buji, dogo, ba ya ɗaga murya. Shekara ashirin yana cin abin hannuna. Ba ya yabo. In ya gama ya goge yatsu ya ce "Madalla," to ka yi aiki. Duk wani taro a gidansa, suna ko walima, ni yake aiko wa mota, in kuma Alhaji Buba ya kira ka, sauran dillalai ma za su kira ka.

Shekarar da abin ya lalace, ciwon ƙaba ne ya kayar da ni. Ɗaga ƙarfen nan safe da yamma ba a banza yake tafiya ba. Aka yi mini aiki, ɗinkin ya ƙi warkewa da wuri, na yi wata biyar ban hura wuta ba. Ranar da na fara takawa na bi ta tasha, na tarar wasu samari biyu sun kafa a wurina da faranti na gas, siriri, da ƙwan lantarki masu launi da kiɗa. Mutanen da na ciyar shekara da shekaru suna zaune a bencinsu. Suka gaishe ni da kyau, suka yi mini ya jiki, ba wanda ya tambayi yaushe zan dawo. Na juya na koma gida.

Ana cikin haka Alhaji Buba ya zo duba ni. Muna zaure ya ce an yi masa jika namiji, suna ranar Asabar, zai kayar da sa. Ya ce, "Malam Idi, in jikin zai iya, ba na so kowa ya taɓa naman nan sai kai. Mutanen Shuwarin duk za su zo, da na Dutse." Na gane abin da yake yi mini. In manyan nan suka ci abin hannuna a gidansa, magana za ta zaga cewa Idi ya tashi, in ya so ko a ina na kafa za a biyo ni. Wannan ita ce ƙofar da ta rage mini, kuma ni da shi duk mun san haka. Na ce jiki zai iya.

Duk wata biyar ɗin nan farantin yana gida, a jingine a ɗakin ajiya, an naɗe shi da buhu. Ko ina kwance nakan sa ɗana Sani ya jawo shi duk Juma'a in shafa masa mai. Sani a shekarar ya yi aure, matarsa Hadiza, 'yar wajen Ringim, watanta huɗu a gidanmu. Yarinya mai hankali, mai aiki kamar ba ta gajiya. Amma kun san tsakanin suruki da matar ɗansa. In na shigo ta durƙusa can nesa ta gaishe ni kanta a ƙasa, in amsa in wuce. Ban taɓa zama na yi mata maganar da ta wuce sannu da aiki ba, balle in ba ta labarin wani ƙarfe. Matata Talatu ce ta san dokar farantin, ita kuma a makon ta tafi zaman makoki Kiyawa.

Ranar Juma'a da safe ni da Sani muka fito da shi tsakar gida, muka kwance buhun don ya sha iska. Sani ya fita da kekensa na haya. Ni kuma na tafi neman gawayi mai kyau da kitse da ƙuli, daga can na wuce masallaci, na tsaya gaishe-gaishe. Ban shigo gida ba sai bayan la'asar.

Tun daga ƙofa hasken ya doki idona. Farantin yana jingine a jikin katanga yana ɗaukar rana, fari fat kamar sabon kwanon amarya. A gefensa ga tukwanen gidan duk an jera an goge, ga kaskon toka, ga yashi, ga soson ƙarfe da ya narke, ga tukunyar da aka tafasa ruwan kanwa. Da ruwan kanwa mai zafi ta fara jiƙa shi, sannan ta bi da toka da yashi, inda ya ƙi ta sa dutse. Daga safe har azahar. Na matsa kusa, a ranar na fara ganin abin da Malam Haladu ya faɗa. Ramuka ƙanana ba iyaka, daga wannan baki zuwa wancan, har jan tsatsa ya fara tsatsowa a cikinsu.

Hadiza ta fito ta durƙusa a inda ta saba. Na ga yatsunta sun yi jawur, biyu an ɗaure da tsumma. Ta ce, "Baba, sannu da zuwa."

Na ce, "Yawwa."

A hankali ta ce, "Na ji an ce gobe za a kai shi cikin mutane. Na ce kada a ga baƙin nan a ce gidan ba mace."

Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba, har na ji ɗinkin cikina yana ja. Shekarun Malam Haladu da nawa, fiye da hamsin, ga su can sun bi rariya da ruwan toka. Amma yarinyar nan abin da uwarta ta koya mata ta yi, abin da kowace uwa a ƙasar nan take koya wa 'yarta: kayan da zai fita taro sai ya yi ƙyalli. Ta ba ni fatar hannunta don ta fita kunyata. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu, 'yata. Allah Ya yi miki albarka." Ta ce amin, ta tashi da murna.

Daga nan kuma laifin nawa ne, ba nata ba, wannan ina so a ji shi da kyau. Na hura wuta nan take a tsakar gida. Abin da ya dace in yi shi ne shafi siriri, ko sau biyar ne kafin magariba, gobe in ƙara biyu, in je in yi aiki da mai da yawa ina lallaɓawa. Da ba zai yi kyau kamar da ba, amma da an ci nama. Sai dai ina kallon ramukan nan tsoro ya kama ni. Na ɗebo kitse da ludayi na malala, wai ya cike su a tashi ɗaya. Hannuna ya san ba haka ake yi ba, sau nawa na hana wasu. Na ƙara wuta, ya yi hayaƙi, ya yi baƙi. Kafin kiran sallah, in ka hango shi daga nesa sai ka ce ba abin da ya same shi. Na taɓa gefensa da ya huce na ji yana ɗan kama yatsa, na yi kamar ban ji ba.

Washegari motar Alhaji ta kai ni Buji da sassafe. An raɗa suna, an yi addu'a, an kayar da san. Manya suna zaune a kan tabarmi ƙarƙashin wata bishiyar maina, ni kuma na kafa murhu a inda kowa yake ganina, na daidaita, na hura wuta uku. Wasu suna ɗago hannu, "A'a, Malam Idi, an tashi ke nan? Barka!" A irin wannan taro hanta ake fara kai wa dattawa, kafin komai. Aka kawo mini ita da ɗuminta, na yanka, na yarfa ruwa ya gudu, na shimfiɗa.

Ƙarar da ta yi ma ba ita ba ce. Da na sa makankari zan juya, sai ta ƙi tashi. Na danna, ta yage, rabi ya biyo ni rabi ya zauna. Kitsen jiya bai zama fata ba, danƙo ya zama, zafi ya tayar da shi yana ɓarewa yana manne wa naman baƙi-baƙi. Wani wari mai ɗaci ya tashi. Na matsar tsakiya, haka. Na zuba man shanu, ramukan suka shanye. Na tsince abin da zan iya tsincewa na zuba a tire aka kai, don ba a barin dattawa suna jira.

Ina kallo wani tsoho mai farin rawani ya ɗauki yanka ɗaya, ya juya shi, ya ciro wani ɓawon baƙi da farce. Ya duba, ya goge yatsansa a bakin tabarma, ya mayar da naman cikin tire a hankali. Hirar da ake yi ce kawai ta tsaya.

Alhaji Buba ya taso ya zo ya tsaya kusa da ni, ya juya wa mutane baya. Ya dubi farantin, ya dube ni. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Malam Idi, me ya faru? Ko jikin ne har yanzu?"

Amsar gaskiya tana bakina, kuma gajeriya ce. Da na ce surukata ce ta wanke farantin da toka, da ya yi dariya, da dattawan ma sun yi dariya, a ce sai wani karon, sunana ya tsira. Amma na san dillalai. Kafin sati labarin ya kai Shuwarin, ya kai Ringim har ƙofar gidan ubanta. Amaryar da ta kashe wa surukinta sana'a da soso. Da wannan sunan za a kira ta har ta yi jikoki, kuma a gidana za ta ci gaba da zama tana durƙusa mini. Bayan haka ma, ba ita ta malala kitsen ba.

Na ce, "Jikin ne, Alhaji. Hannun ba ya jin magana."

Ya sake duban farantin. Sannan ya ce, "Allah Ya ƙara sauƙi. Zo ka zauna a inuwa, mata za su soya a tukunya." Ya kama hannuna da kansa ya kai ni tabarmar manya, aka matsa mini, aka yi ta yi mini sannu. A nan na zauna har azahar, ina jin ƙamshin suyar mata daga cikin gida.

Mai suya in an ce hannunsa ya mutu, shi ke nan. Ba da mugunta aka yaɗa ba, da tausayi aka yaɗa, wanda ya fi saurin tafiya. Ba wanda ya sake kirana taro. Na kankare danƙon nan, na sake farawa yadda ya kamata, na kafa a wani lungu bayan tasha. Wanda ya zo sai ya ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka," ya sayi kaɗan don zumunci. Ƙwai kuma yana kamawa, don ramukan ba su san zumunci ba. Na yi damina ɗaya a haka, kafaɗa ta fara nata ciwon, na kwashe kayana na dawo gida. Sani ne yake riƙe da mu tun daga lokacin.

Talatu da ta dawo daga Kiyawa kallo ɗaya ta yi wa farantin ta dafe ƙirji. Na ce mata in ta bari maganar ta fita daga ɗakinmu ban yafe ba. Ba ta faɗa ba. Abin da ta yi, bayan na daina fita, ta sa Sani ya gina wa farantin murhu a tsakar gida kusa da madafa, ta ce zama haka zai sa ya yi tsatsa. Ta fara yin wainar fulawa a kai, tana kiran Hadiza ta taya ta. A haka ta koya mata komai, ba tare da ta ce ga dalili ba: ludayin ruwa, wuta uku, shafi siriri, ba sabulu. Da Talatu ta gaji, farantin ya koma hannun Hadiza. Gurasar safe a kai, awarar yara a kai, naman Sallah a kai, maƙwabta ma suna kawo nasu. Yau shekara bakwai. Ramukan sun kusa cikewa, ya yi baƙi yana sheƙi. Malam Haladu ya ce shekara goma, amma shi ba shi da jikoki biyar masu cin waina kullum.

Ranar da na dawo daga Takur ɗin nan, bayan la'asar ne, na zauna a kan tabarma ina ba Talatu labari. Gajiya ta sa na manta da wanda ke kusa. Na ce, "Kin ji yaran zamani, faranti sabo suna wanke shi da sabulu kullum, wai tsafta, sannan suna mamakin ƙwai yana kamawa." Ina cikin dariya na ji ƙarar makankari ta tsaya a bayana. Talatu ta zuba mini ido. Magana ta riga ta fita.

Jim kaɗan Hadiza ta kawo mini gurasa da hanta a kwano. Ta durƙusa ta ajiye, amma ba ta tashi ba kamar yadda ta saba. Kanta a ƙasa ta ce, "Baba, shekara da shekaru ina so in yi tambaya, kunya ta hana ni."

Na ce, "Ina ji."

Ta ce, "Ranar nan a Buji. Ba jikin ba ne, ko?"

Na dubi hannunta a bakin kwanon. Duk tabon ƙuna ne ƙanana, irin nawa. Na ɗauki hantar na gutsura. Ta nuna daidai, ko Alhaji Buba ba zai sami abin cewa ba.

Na ce, "Jikin ne, 'yata. Miƙo mini yajin."

Ta miƙo. Ta goge idonta da bakin mayafi ta koma bakin murhu. Ina ji ta fasa wa yara ƙwai a tsakiyar farantin, ta sa makankari, ya tashi gaba ɗaya bai bar komai a baya ba.